Yadda Za Ka Zauna A Aikin Da Ya Fita Ranka Alhali Ba Ka Da Halin Barinsa

Tambayar nan ta daɗe tana zuwa mini, kowa da tasa sigar. Malamin makarantar kuɗi da albashinsa ba ya kai shi sha biyar ga wata. Ma'aikaciyar jinya da aikin dare ya hana ta ganin 'ya'yanta ido biyu. Ɗan kwangila a banki da kullum ake yi wa barazanar kora idan bai kawo masu ajiya ba. Ma'aikacin ƙaramar hukuma da yake zuwa ya sa hannu ya zauna ƙarƙashin darbejiya har azahar. Ƙarshen maganarsu ɗaya ne: “Aikin nan ya fita raina, amma in na bari me yara za su ci?”

Ba zan ce maka ka yi haƙuri in yi shiru ba, domin wannan kowa ya riga ya faɗa maka. Ba kuma zan ce ka ajiye ba. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, duk wanda ya saki albashi babu komai a hannunsa ya san abin da ya tarar a kasuwa. Abin da zan ba ka tsari ne na zama a wurin ba tare da ka rasa lafiyarka ko sunanka ba, kana kuma sassauta abin da ya ɗaure ka a hankali. A bi matakan a jere. Kayan aikin ba su da yawa: ƙaramin littafin rubutu, biro, jakar fayil ta roba, sai wayarka. Zan riƙa cewa “ka” don sauƙi, amma 'yar'uwa, har da ke nake.

1. Gano ainihin abin da ka tsana

Mafi yawan masu cewa sun tsani aikinsu ba su taɓa zama sun tantance ba. Ɗauki mako biyu. Duk dare ka rubuta layi biyu: wane lokaci ne ranka ya fi ɓaci yau, kuma me ya jawo. Kada ka rubuta “yau ba daɗi”. Rubuta “ƙarfe goma oga ya yi mini tsawa a gaban masinja”, ko “na biya kuɗin adaidaita sau uku kafin in isa”.

Bayan mako biyu ka karanta gaba ɗaya. Za ka ga abu ɗaya ko biyu ne suke ta maimaituwa. Wani zai tarar ba aikin ya tsana ba, mutum ɗaya ne tal. Wani kuɗin ne ba ya isa, da za a ninka albashin da wasa zai riƙa zuwa. Wani nisan hanya ne ko lokutan aikin. Akwai kuma wanda aikin ne kansa ba ya shiga ransa, ko wa aka ba shi a matsayin shugaba. Maganin kowanne daban ne. Wanda mutum ɗaya ke damu, canjin sashe zai iya raba shi da ciwon, kuma asara ce ya jefar da shekarun fanshonsa saboda wanda wataƙila baɗi za a ɗauke shi daga wurin.

Hattara: littafin nan a gida yake kwana. Kada ka rubuta a kwamfutar ofis ko ka bar shi a durowa.

Hattara ta biyu: idan abin da ka gano shi ne ana tilasta maka sa hannu a takardar ƙarya, ko shugaba yana neman ki da lalata, ko ana sa ka aikin da zai iya nakasa ka babu kayan kariya, to ba zaman haƙuri ne maganin ba. Ka wuce kai tsaye zuwa mataki na 3, ka tara hujja, ka nemi ƙungiyarku ko lauya.

2. Mayar da “ba zan iya bari ba” zuwa lamba

Wannan shi ne matakin da aka fi gudu, shi ne kuma ya fi amfani. Muddin maganar tana matsayin “ba hali”, za ta yi ta danne ka kamar dutse a ƙirji. Ranar da ta koma “ina bukatar naira kaza da wata kaza”, ta zama aikin da ake iya farawa.

Buɗe sabon shafi. A sama ka rubuta abin da yake shiga asusunka a zahiri, ba wanda ke takardar ɗaukar aiki ba. A ƙasa ka jera abin da ba makawa: abinci, haya a raba ta gida goma sha biyu, kuɗin makarantar yara a raba shi wata-wata, magani, wuta da ruwa, abin da kake ba iyaye. Daga nan ka ware abin da aikin kansa yake ci: kuɗin mota ko mai, abincin rana, kati da data, ankon bikin abokan aiki, gudummawar da ba ta ƙarewa. A ce albashinka naira 120,000 ne, zuwa da dawowa da abincin rana suna cin 2,000 kullum, kwana 22 ya zama 44,000. Ashe a kan 76,000 kake shan wannan baƙin cikin. Sanin haka yana da amfani ta fuska biyu: ka san ainihin abin da wata sana'a za ta kawo kafin ta maye gurbin aikin, ka kuma ga inda za ka rage tun gobe, ko da ta ɗaukar abinci daga gida ne ko haɗa kuɗin mai da maƙwabcin da hanyarku ɗaya.

Sai bashi. Rubuta kowanne da sunansa, nawa ya rage, nawa ake cira, wane wata zai ƙare. A abin da na lura, yawancin waɗanda suke cewa aiki ya ɗaure su, bashin da ake cira daga albashi ne ya ɗaure su: na banki, na ƙungiyar adashin ma'aikata, na babur ko firji da aka karɓa biya sannu-sannu. Watan da bashi na ƙarshe zai ƙare, shi ne farkon ranar da za ka iya tunanin tafiya. Ja masa layi.

Abin da za ka sa a gaba shi ne tara kuɗin bukatun dole na wata uku, in da hali shida. Ko dubu biyar ce a wata, ka cire ta ranar da albashi ya shigo, ka kai ta asusun da ba ka da katinsa a aljihu.

Hattara: daga yau babu sabon bashi a kan albashi. Musamman manhajojin bashi na waya, masu ruwa mai yawa da tura wa mutanen cikin wayarka saƙon cin mutunci. Haka nan duk wanda ya ce ka zuba kuɗi a ninka maka cikin wata guda. Wanda ya ƙosa da aikinsa shi ya fi saurin faɗawa wannan rami. An gani a MMM a ƙarshen 2016, an sake gani a CBEX a 2025.

3. Tattara takardunka, ka san haƙƙinka

Cikin jakar fayil ɗin nan ka sa takardar ɗaukar aiki, ta tabbatar da kai a aiki, na ƙarin girma, takardun albashi na wata-wata, duk wata takardar tuhuma da amsar da ka bayar, da duk takardar yabo. Ɗauki hoton kowacce ka tura wa imel ɗinka na kanka. Fayil yana ɓata a ofis, kuma ya fi ɓata a lokacin da ake neman mutum da sharri.

Ga abubuwan da Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta tanada, waɗanda ma'aikata da yawa ba su sani ba. Wajibi ne a ba ka sharuɗɗan aikinka a rubuce cikin wata uku da farawa. Bayan wata 12 kana aiki, kana da hutun shekara na aƙalla kwanakin aiki 6 da albashinka. Kana da hutun rashin lafiya har kwana 12 a shekara idan likita ya ba da takarda. Duk kwana bakwai kana da hutun yini guda cur. Mai juna biyu tana da mako 12, kuma idan ta yi wata shida a wurin, ba za a biya ta ƙasa da rabin albashi ba. Sai dai dokar ta fi shafar masu aikin ƙarfi da ƙananan ma'aikatan ofis. Manya da ƙwararru, abin da ke takardar yarjejeniyarsu shi ne abin riƙo, don haka ka zauna ka karanta taka layi-layi. Ma'aikacin gwamnati kuwa dokokin aikin gwamnati ne nasa, kuma sun fi sauƙi: a tarayya, daga matakin albashi na 07 zuwa sama hutun shekara kwana 30 ne, hutun haihuwa kuma ba ya gaza mako 16.

Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun watan Yulin 2024, amma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Shi ya sa ƙananan makarantun kuɗi da shaguna suke zillewa.

Duba fanshonka ma. A Dokar Fansho ta 2014, ana cirar kashi 8 daga albashinka, mai aiki ya ƙara kashi 10, kuma a tura cikin kwanakin aiki bakwai da biyan albashi. Nemi bayanin asusunka daga kamfanin fanshonka. Akwai wuraren da ake cira wata da watanni ba a turawa, mutum bai sani ba sai ranar tafiya. In ka ga giɓi, rubuta wa ofishinku, in ba a gyara ba ka kai wa PenCom, hukumar da ke kula da fansho ta ƙasa.

Inda ake kai ƙara kuwa: wakilin ƙungiyar ƙwadagonku tukuna, sai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jiharka, ko Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a wadda ba a biyan ko sisi, amma ba ta son ƙorafin da ya haura shekara guda. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ita ce ta ƙarshe.

Hattara: sanin haƙƙi ba ya nufin gobe ka shiga ofishin oga kana karanta masa sashe na kaza. Ka sani, ka ajiye. Kuma takardunka kawai za ka kwafa. Kwasar takardun sirrin ma'aikata laifi ne da zai iya korar ka.

4. Tsare fayil ɗinka

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne mutum ya ce zai rama a kan aikin: ya riƙa makara, ya bar takardu su taru, ya sa wani ya sa masa hannu a rajista. Ma'aikatar ba za ta ji komai ba. Kai ne za ka tara takardun tuhuma, kuma idan damar canji ta zo, fayil ɗin nan za a buɗe. Ga kuma maganar halacci: albashin da ka karɓa ba ka yi aikinsa ba, kai ma ka san matsayinsa, kuma marar lafiyan da ke layi ko ɗalibin da ke aji ba su suka ɓata maka ba.

Don haka ka zo a kan lokaci, ka yi abin da aka ɗauke ka dominsa da kyau, ka tashi idan lokaci ya yi. Abin da za ka daina shi ne ɗaukar kayan da ba naka ba don neman a yaba maka a wurin da ba a yabo.

Idan aka ba ka kuwari, wato takardar tuhuma, karɓa ka sa hannu da kwanan wata. Amsa cikin wa'adin da aka rubuta a jiki. Kada ka rubuta amsar a ranar da ranka ke tafasa. Kwana a kai idan wa'adin ya ba da dama, ka ba wani dattijo a aikin ya duba. A taƙaice, da ladabi, abin da ya faru da hujjarsa, babu habaici. Riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa.

Hattara: kada ka ɗauke ƙafa babu izini a rubuce, ko da rasuwa aka yi maka. A aikin gwamnati rashin zuwa ba izini yana cikin manyan laifukan da ake kora a kansu.

5. Zama da oga mai wuyar sha'ani

Kowane shugaba yana da lokacin da ba a tunkararsa da abin da yake tsoro. Wani tsoron na sama da shi yake, wani tsoron a ce bai iya ba. Lura da wannan na mako guda ya fi shekara kana ƙorafi. Kai masa bayani kafin ya nema, a gajarce. Idan ya ba ka umarni da baki kuma kana jin ƙanshin matsala, bi shi da saƙo: “Ranka ya daɗe, don in tabbatar na fahimta, ka ce in yi kaza kafin Alhamis.” Ka girmama shi, ka kuma samu shaida.

Idan ya jibga maka aiki uku lokaci guda, kada ka ce ba za ka yi ba. Ce masa: “Yallaɓai, ga wannan ga wannan a hannuna, wanne kake so in fara gamawa?” Idan ya yi maka tsawa a gaban mutane, kada ka mayar a wurin. Bari ya huce, ka same shi shi kaɗai: “Hajiya, in na yi kuskure ina so a gyara mini, amma na fi fahimta idan aka kira ni gefe.” Wani zai gyara, wani ba zai gyara ba. Wanda bai gyara ba, rubuta rana da abin da ya faru da waɗanda ke wurin, ka ci gaba da harkarka.

6. Kama bakinka

Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Majalisar ofis da ake zagin oga tana da daɗin zama, amma cikinta akwai mai kai rahoto, kuma kullum ka tashi daga ita sai ka ji aikin ya ƙara yi maka ɗaci. Mutum ɗaya amintacce ya isa, zai fi kyau a ce ba a wurin yake aiki ba. Kada ka yi habaici a Facebook ko a sitatus na WhatsApp. Kada kowa a ofis ya san kana neman wani aiki.

7. Raba ofis da gida, ka duba jikinka

Baƙin cikin ofis yana da halin bin mutum gida ya sauka a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Sa wa kanka wata al'ada tsakanin tashi da shiga gida: tsayawa sallar la'asar ko magariba a masallacin hanya, sauka kafin layinku ka taka da ƙafa, wanka da canja kaya kafin a fara hira. Faɗa wa matarka ko mijinki gaskiyar halin da ake ciki da lissafin mataki na 2. Wanda aka nuna wa lamba ya fi saurin yarda a rage kashe kuɗi a kan wanda kawai yake ganin fuska a murtuke.

Rukunin WhatsApp na ofis, kashe masa ƙara bayan isha'i, sai fa idan aikinka na kiran gaggawa ne. Hutun shekararka kuma ka karɓe shi. Mutane suna barinsa wai don kada a ga ba su da himma, alhali ba wanda ya taɓa samun ƙarin girma da haka.

Auna hawan jininka aƙalla sau ɗaya a wata, ko a kemis ne. Idan yana kai 140/90 ko sama a awo fiye da ɗaya, je asibiti. Idan ka yi mako biyu ba barci, ba cin abinci, abin da ka saba jin daɗinsa ya daina yi maka daɗi, ko ka fara jin gara mutuwa, wannan ya wuce gajiya. Ga likita. Akwai sashen masu kula da damuwa a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato da Maiduguri. Addu'a da magani ba sa karo.

Hattara: tiramadol, maganin barci ba da izinin likita ba, da lemon ƙarin kuzari gwangwani uku a yini, duk bashi ne da jiki zai biya.

8. Nemi sauyi daga ciki

Kafin ka kalli waje, duba ko akwai wata ƙofa a gidan. A gwamnati akwai canjin sashe ko na gari, akwai aro zuwa wata hukuma na ɗan lokaci, akwai hutun ƙaro karatu da albashi ko babu albashi. A kamfani akwai canjin reshe ko na lokacin aiki. Rubuta buƙatarka ta hannun shugabanka kamar yadda tsari ya ce, kuma dalilin da za ka bayar ya zama na amfanin aikin ko na iyali ko na lafiya. Kada ka taɓa rubuta cewa ba ka jituwa da wane. Kafin takardar ta tafi, je ka gaida shugaban sashen da kake son komawa. Takardar da ake jira ta fi saurin fitowa.

Hattara: hutun karatu da albashi yana zuwa da sharaɗin dawowa ka yi wasu shekaru. Idan niyyarka tafiya ce, karanta sharaɗin kafin ka sa hannu.

9. Sa'a guda kullum don abin da ke gaba

Ba a fafe gora ranar tafiya. Zaɓi abu ɗaya, ɗaya tak, ka ba shi sa'a guda kullum, bayan asuba ko bayan isha'i. Ko karatu a jami'ar karatu daga gida ta ƙasa, NOUN, da ake yi ana aiki, ko jarrabawar ƙwarewa ta fanninka, ko koyon aikin hannu a ranakun hutu: haɗa sola, gyaran waya, ɗinki, kiwon kaji. Masu tsalle daga wannan zuwa wancan duk wata, shekara tana zagayowa ba su da ko ɗaya. Fara da ƙaramin jarin da in ya narke ba zai taɓa kuɗin mataki na 2 ba. Sabunta takardar bayanin karatunka da ayyukanka, ka kuma riƙa zumunci da tsofaffin abokan karatu da na aiki tun ba ka da buƙata, domin yawancin guraben da ake samu a nan ta bakin mutum ake jin su.

Hattara ga ma'aikacin gwamnati: kundin tsarin mulki na 1999 ya hana ma'aikaci na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci na kansa, noma kaɗai ya ware. Mutane da yawa suna yi, amma ranar da aka so kama ka, da wannan za a kama ka. Na kamfani kuma ya duba ko yarjejeniyarsa ta hana shi yin irin sana'ar kamfanin. Ko ta halin ƙaƙa, ban da lokacin ofis, motar ofis ko kwastomomin ofis.

Hattara ta biyu: masu sayar da ofa, wato takardar ɗaukar aiki. Duk wanda ya ce ka kawo miliyan kaza a ba ka aiki a wata babbar hukuma, ko dai takardar bogi ce da za ta tonu ranar tantancewa, ko kuɗin ya tafi ke nan.

10. Sa ranar dubawa, ka san yadda ake fita

Rubuta wata rana nan da wata shida. Ranar ka buɗe littafin ka duba: bashi nawa ya rage, nawa ka tara, ina aka kwana a mataki na 8 da na 9, jininka nawa. In abubuwa suna motsi, ƙara wata shida. Wasu a nan suke gano zaman ya yi sauƙi har ba sa son tafiyar, wannan ma ba laifi. In ka yanke shawarar tafiya, yi istihara, ka yi shawara da wanda ya san aikin, kuma kada ka ajiye sai sabuwar takarda tana hannunka, ko sana'ar ta yi wata shida a jere tana kawo abin da ka lissafa.

Ba da sanarwa a rubuce. Dokar Ƙwadago ta ce kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya daga nan zuwa ƙasa da shekara biyu, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata ɗaya ga mai shekara biyar ko fiye. Idan takardar ɗaukarka ta faɗi wa'adin da ya fi haka, shi za ka bi, ko ka biya kuɗin kwanakin. Layi uku sun isa: godiya, ranar da za ka daina, shirinka na miƙa aiki. Miƙa kayan ofis da takardar shaidar an karɓa, ka karɓi takardar amincewa da ajiye aikinka. Ita kamfanin fanshonka zai nema idan ka yi wata huɗu ba ka samu wani aiki ba kuma ba ka kai shekara 50 ba, lokacin da doka ta ba ka damar cirar kashi 25 cikin ɗari na abin da ke asusunka.